Na bi sawun Nargis a Mumbai

Sarin yadi ne ya kai mu Mumbai ni da Baffana, ba yawon buɗe ido ba. Shi ya daɗe yana zuwa, ya san dillalan kasuwar Mangaldas da na Crawford, ni kuwa nawa rakiya ce da riƙe lissafi. Mun sauka a wani ɗan otel wajen titin Mohammed Ali, unguwar Musulmi ce, kiran sallah ke tashinka da asuba kuma ba ka fargabar naman da za ka ci. Zafin garin ba irin namu bane, gumi ne zalla, kana fitowa daga wanka riga ta manne maka a baya. To da aka gama ciniki aka bar kaya hannun 'yan kago ana jiran takardu sai muka samu sarari, ni kuma dama da niyyata na taho, ina so in ga inda Nargis ta tashi, inda tayi aiki da inda aka binne ta.

Na san yaran yanzu za su ce wace ce kuma Nargis. Ku tambayi iyayenku mata, ku ce musu matar nan ta Mother India wadda ta saɓa garma a kafaɗa tana jan ta cikin laka, za ku ga yadda fuskarsu za ta canza. Baffa a silima ya fara ganin fim ɗin, zamanin da Kwarori ke kawo finafinan Indiya ana nunawa a su Plaza da Eldorado da Marhaba, mu kuma a kaset muka same shi, tsakar gida cike da mata da yara har da na makwabta, babu mai jin Indiyanci amma babu wanda bai san inda za a yi kuka ba. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne a wajenmu tsohuwar nan ta cikin fim kawai muka sani, uwa mai haƙuri, shi ke nan. Ita matar da ta yi wasan ba mu san komai nata ba, alhali rayuwarta ta fi ƙarfin fim ɗaya.

Da safe muka ɗauki tasi, irin baƙaƙen nan masu rufi ruwan ɗorawa, zuwa Marine Drive. Titi ne da ya lanƙwasa ya bi bakin teku, hannu ɗaya ruwa ɗaya hannun jerin tsofaffin benaye na zamanin Turawa. Direban dattijo ne Musulmi mai jan gemu na lalle, da nace masa Chateau Marine nake nema sai ya juyo ya kalle ni sosai, yace wa ya gaya maka wannan gidan. A nan mahaifiyar Nargis ta zauna da 'ya'yanta. Gida ne na mutane har yau, ba a shiga, sai muka tsallaka muka zauna kan dogon dakalin bakin ruwa muna kallonsa daga nesa, wani yaro ya kawo mana shayi mai citta a 'yan ƙananan kofuna.

Ba a Mumbai aka haife ta ba, a Kalkata ne, ranar 1 ga Yuni 1929, kuma sunan yanka Fatima Rashid. Mahaifinta ɗan Rawalpindi ne, Hindu ne daga gidan masu hali, ya musulunta ya koma Abdul Rashid ya auri mahaifiyarta. Ita kuwa uwar, Jaddanbai, ba ƙaramar mace ba ce, mawaƙiya ce da aka san ta tun kafin fim mai magana ya zo, daga baya ta shiga harkar fim tana shiryawa da kanta tana haɗa kiɗa, a lokacin da mace ko fitowa a fim tayi sai an zage ta balle ta riƙe kamfani. Ita ta saka 'yar tata a fim a 1935 tana da shekara shida. A 1943 darakta Mehboob Khan ya ɗauke ta a matsayin babbar jaruma a Taqdeer tana da shekara goma sha huɗu. Ina zaune a dakalin nan nake ta lissafa wannan, yarinyar da ya kamata a ce makaranta ce kawai a gabanta ita ce ke tsaye gaban kamara tana wasa da Motilal wanda ya kusa haifarta. Nace wa Baffa ashe dai 'yar birni ce, ko riƙe fartanya ba ta taɓa yi ba. Yace ɗana ai shi ne gwanintar, wanda ya iya ya iya.

Daga nan da ƙafa muka taka zuwa silimar Liberty, ba nisa sosai sai dai tsallaka titi a Mumbai sai ka yi bismillah. Ginin yana nan da sunansa a tsaye a jikin bango, an buɗe shi a 1949 kuma fim ɗin da aka buɗe shi da shi Andaz ne, inda Nargis ta fito tsakanin Dilip Kumar da Raj Kapoor. Duk wanda ya san ta a Mother India kaɗai ya nemi wannan ya gani, 'yar gayu ce 'yar mai kuɗi, tana hawan doki, gashi a gyare, tana magana da maza ido cikin ido. A wannan silimar dai aka fara haska Mother India a watan Oktoba 1957 kuma ya shekara cur ana nuna shi a nan ba a sauke ba. Baffa ya tsaya gaban ƙofar ya riƙe hularsa a hannu yana kallon sama, sai ya fara ba direbanmu labarin fim ɗin da Hausa da guntun Turanci da hannu, shi kuma yana karɓa masa da Indiyanci, wallahi sun fahimci juna sarai. Rupi 500 ɗin da surukar Radha, wato matar da Nargis ta fito a matsayinta, ta ranto wajen mai ba da bashi Sukhilala don a yi biki, yadda bashin ya yi ta haihuwa har ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk shekara, dutsen da ya danne hannuwan mijin ya tashi ba hannu ya bar gida cikin dare don kunya, ambaliyar da ta cinye gari, daren da yunwa ta kai ta ƙofar mai bashin ya nemi mutuncinta ta ƙi. Ba abin da Baffa ya manta.

Kuma ni ina ganin a nan sirrin yake, dalilin da ya sa fim ɗin ya zauna mana. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka ba ya bukatar fassara. Matar da miji ya tafi cirani bai dawo ba ta riƙe 'ya'ya da surfe da wankau ita ma haka. Amma fa a tuna, lokacin da fim ɗin ya fito shekarar Nargis 28 kacal. Ta fara a amarya ta ƙare a tsohuwa tukuf mai rawar hannu, kuma Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju sa'anta ne, shekara ɗaya wata ɗaya aka haife su, ita 1 ga Yuni shi 6 ga Yuni. Jarumai mata da yawa a ganiyarsu ba za su yarda a shafa musu toka a gashi a ce su ne uwar sa'anninsu ba, ita ta karɓa, kuma ba kwalliyar tsufan ce ta yi aikin ba, tafiyar ce da yadda take zama da yadda take kallon 'ya'yan. Ku sake kallon wurin da ta ɗaga bindiga ta harbi Birju bayan ya sato 'yar Sukhilala ranar aurenta, ku bar bindigar ku kalli fuskarta kawai.

Maƙabartar ma a wannan yankin take, dab da tashar jirgin ƙasa ta Marine Lines, suna ce mata Bada Kabrastan, tana cikin manyan maƙabartun Musulmi na garin, kuma a gefenta akwai Chandanwadi inda Hindu ke ƙona gawarsu. Mun yi sallama muka shiga. Itatuwa ne manya, hankaki ko ta ina, jirgi na wucewa duk bayan 'yan mintoci ƙasa na girgiza. A nan aka binne Jaddanbai a 1949, a nan aka binne Mehboob Khan a 1964, a nan kuma aka kawo Nargis a 1981. Na san tambayar da ke bakin mai karatu don ni ma na yi ta, ai Hindu ta aura. Haka ne, Sunil Dutt Hindu ne, kuma addininmu bai yarda da wannan auren ba, ba zan yi kwana-kwana a kai ba. Amma da ta rasu shi mijin ne ya kawo ta maƙabartar Musulmi inda uwarta take aka sa ta a ƙasa, bai kai ta wancan gefen ba. Na fara jan maganar a wurin sai Baffa ya ɗaga min hannu yace kai ɗan nan, mu addu'a za mu yi wa Musulmin da ke kwance a nan, hisabi ba namu bane. Muka yi muka fito.

Washegari muka hau jirgin ƙasa daga Churchgate zuwa Bandra. Jirgin Mumbai sai wanda ya gani, ƙofa a buɗe mutane na lilo a bakinta, mata da nasu taragon daban wanda ya burge Baffa ƙwarai. A Bandra ne muka fara ganin adaidaita sahu don ba a barinsu shiga tsakiyar gari, muka hau ɗaya zuwa sutudiyon Mehboob a kan Hill Road. An kafa shi a 1954 kuma har yau ana aiki a ciki, manyan motocin kaya na shiga da fita, masu gadi a ƙofa, mu dai daga waje muka tsaya. Baffa ne ya tuna min tambarin kamfanin da ke fitowa a farkon fim, guduma da lauje irin na 'yan gurguzu, amma muryar da ke bin sa tana cewa ne abin da Allah ya so shi ke faruwa. Shi Mehboob ɗan ƙauye ne daga Gujarat da ya gudo Bombay yana yaro, kuma ya taɓa yin labarin Mother India a 1940 da sunan Aurat kafin ya sake shi da kala da kuɗi masu yawa.

A Gujarat ɗin ne abin nan ya faru da kowa ke ba da labari. Ana ɗaukar wurin gobara, an cinna wa tarin ciyawa wuta da gaske, iska ta juya wutar ta zagaye Nargis, Sunil Dutt ya faɗa ciki ya fito da ita shi kuma ya ƙone. Ita ta yi jinyarsa, daga nan shaƙuwa ta shiga, suka yi aure ranar 11 ga Maris 1958. A wannan shekarar komai ya zo mata a tare, kyautar Filmfare, kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Karlovy Vary a Turai, gwamnati ta ba ta lambar Padma Shri, fim ɗin kuma ya zama na Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje, duk da wani na Italiya ne ya ɗauka. To a daidai wannan lokacin, da kowane furodusa ke neman ta, ta ja baya daga fim. Ba tsufa ba, ba faɗuwar kasuwa ba, ita ta ga dama. Wanda ya fara aiki yana shekara shida in ya kai talatin yace ya gaji ai ba a ce masa don me. Abin da ya fito nata daga baya kaɗan ne, cikinsu har da Raat Aur Din na 1967 inda ta fito a mace mai taɓin ƙwaƙwalwa da ke rayuwa iri biyu, da shi ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasa.

Daga sutudiyon muka hau tudun Pali Hill, unguwar taurari, shiru da inuwa da dogayen gine-gine, a nan ta yi zaman aurenta kuma titin yanzu sunanta yake ɗauke da shi, Nargis Dutt Road. Allon sunan na tsaya na ɗauka a waya. 'Ya'yanta uku, Sanjay da Namrata da Priya, eh Sanjay Dutt dai da kuka sani, wanda 'yan kallon Kano suka laƙaba wa ɗan daba mai lasin. Baffa yayi dariya yace ka ga ikon Allah, a fim ta haifi Birju a gida ma ta haifi wani. Priya kuwa siyasa ta shiga har ta zama 'yar majalisa kamar mahaifinta.

Wannan ɓangaren na rayuwarta shi ne ba a faɗa mana, kuma ni shi ya fi kama ni. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta Arts suna kwasar mawaƙa da 'yan wasa suna kai su bakin iyaka wajen sojoji. Ita ce uwar ƙungiya ta farko ta Spastics Society of India, masu kula da yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana gaɓoɓi aiki, irin yaran da a wurare da yawa har da namu ake ɓoyewa a ɗaki, ita ta sa sunanta da fuskarta a gaba don a buɗe musu makaranta. A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya, Rajya Sabha, cikin kujerun da shugaban ƙasa ke ba mutanen da suka yi fice a fanninsu. A can ne ta soki babban darakta Satyajit Ray tace yana tallar talaucin Indiya a ƙasashen waje. Gaskiya a nan ban bi ta ba ko kaɗan. Fim ɗin da ya ɗaukaka ta daga farko har ƙarshe yunwa ce da bashi da laka, kuma bai sa mun raina Indiya ba, shi ya sa ma muka ƙaunace su. Amma ko a wannan za ka ga irin matar, ba ta ɓoye abin da ke ranta ko da wa za a ɓata.

Ba ta daɗe a majalisar ba ciwon daji ya kama ta. Aka kai ta New York aka yi ta magani, aka dawo da ita gida, ta rasu ranar 3 ga Mayu 1981 tana da shekara 51, saura 'yan kwanaki a fara nuna Rocky, fim ɗin Sanjay na farko wanda uban ne ya ba da umarni. Ranar nunin sai aka bar kujera ɗaya ba kowa tsakanin uban da ɗan. Bayan rasuwarta mijin ya kafa gidauniya da sunanta don masu ciwon daji, akwai ma asibitin kansa mai sunanta a garin Barshi cikin jihar Maharashtra. A jirgin da muka zo da shi akwai 'yan uwanmu da wannan ciwon ne ya kawo su Indiya, wasu an sayar da gona wasu gida, shi ya sa da na zo nan a labarin jikina yayi sanyi, cutar ba ta san mai suna ba.

Chembur muka bari a ƙarshe don ya fi nisa, can gabashin gari. Nan ne sutudiyon RK na Raj Kapoor yake a da. Ba za a yi maganar Nargis a tsallake wannan ba, finafinai goma sha shida suka yi tare, daga Aag na 1948 zuwa Barsaat da Awaara da Shree 420, tambarin kamfanin ma, namiji riƙe da goge a hannu ɗaya mace ta lanƙwasa a ɗaya hannun, daga wani wuri ne a Barsaat da su biyun suka yi. Awaara ya karɓu a Tarayyar Sobiyet fiye da zato, a 1954 suka je Mosko jama'a suka yi musu dafifi. Kowa ya san akwai soyayya tsakaninsu ta shekaru, kuma shi yana da mata da 'ya'ya bai kuma rabu da iyalinsa ba, da ta ga ba inda abin zai kai ta tattara ta bar kamfanin wajen 1956, fim ɗin da ta shiga a gaba shi ne wanda ya binne duk na baya. Ni dai a ganina tarihi bai yi mata adalci a nan ba, ana cewa finafinan Raj Kapoor, finafinan Raj Kapoor, alhali ka cire ta daga Awaara inda ta fito a lauya mai kare shi a kotu ka ga abin da zai rage.

Sutudiyon babu shi yanzu. Gobara ta tashi a ciki a watan Satumba 2017 ta cinye babban ɗakin ɗaukar fim da kayan sawa na taurari da aka adana shekara da shekaru, iyalan suka sayar wa kamfanin Godrej a 2019, an gina gidajen kwana na masu kuɗi a wurin. Mun tsaya a bakin titi motoci na ta hon, Baffa ya tambayi wani saurayi mai sayar da ruwan rake ko ya san Nargis, yaron yace maman Sanju Baba ko, wato ta wajen ɗan ya san ta. Baffa bai ji daɗi ba, ya tsaya sai da ya lissafa masa finafinanta da yatsu, yaron na dariya yana mamakin baƙin mutum ɗan Afirka da babbar riga yana koya masa tarihin garinsu, ƙarshe ma ya ƙi karɓar kuɗin ruwan raken.

Duk mai zuwa sari ko jinya da ke son ya bi wannan hanyar, abu ne mai sauƙi kuma ba tsada. Marine Drive da Liberty da maƙabarta duk a zagaye ɗaya suke, safiya ɗaya ta isa in an fito kafin rana ta yi zafi. Bandra a layin jirgi na yamma take, Chembur kuma a layin Harbour, daga babbar tashar CST ake hawa. A sayi tikiti a ajiye shi a aljihu don ana dubawa a wajen fita, a kuma guji jirgi da sassafe in an nufi cikin gari ko da yamma in an nufi waje, lokacin ma'aikata ne, dattijo irin Baffa ba zai iya wannan turereniyar ba.